Baffan da Ya Rama Magani

Daga Allah muka fito, gare Shi muka nufa, Baffa kuwa ya riga mu isa. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa da ke unguwar Kwarbai, a birnin Zazzau, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi.

Ni aka zaunar a ƙofar gida ina amsa gaisuwa, domin ɗan ƙanensa ne ni, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, nasa 'ya'yan kuwa duk mata ne. Wanda ya saba zaman makoki ya san ba a lokacin shafa fatiha ake faɗin abin da ke rai ba. Ana faɗinsa ne bayan an shafa, sa'ad da mutum ya gyara zama ya ɗauka ba mai jin sa.

Liman ya ce tun da aka ba shi limanci bai taɓa waiwayowa bayan sallama ya rasa Baffa a sahun farko ba. Sannan ya ƙara da cewa bai kuma taɓa sakin jiki da karatu ba, don ya san a bayansa akwai mai jiran ya yi tuntuɓe. Maɗinkan unguwa suka ce an yi rashin hannu. Wani tsoho daga unguwar Limancin Kona ya ce rigar da ke jikinsa Baffa ne ya ɗinka ta tun kafin babban yaƙi, har yau ba zaren da ya tashi, amma ranar da ya je karɓa sai da Baffa ya tambaye shi wa ya aiko shi, alhali shi da kansa ya kai yadin. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda makoki ke ƙyalewa.

Sai wasu baƙi biyu, masu kawo hatsi daga ƙauye, waɗanda ba su san ko ni wane ne ba, suka zauna dab da ni.

"An ce ba ciwon Allah ba ne," in ji ɗaya.

"Ai na ji. Hannu ne."

"Mai zaren nan na kasuwa. An ce shi ke ba shi magani da hannunsa har ranar ƙarshe."

"To, ka ji!"

Mai zaren nan surukina ne, uban matata. Yana zaune can jikin bango, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, na kuma lura tabarmarsa ce kaɗai ba a matsu a kanta ba, ko da yake wasu na tsugune a rana don rashin wuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina so a tuna da Baffa, amma ba na so a tuna da shi ta hanyar da za ta binne mai rai tare da mamaci.

Baffa maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, aska takwas da malum-malum, kuma mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya juya shi ya ga bayansa. In mai koyo ya kawo masa aiki yana taƙama da kyan fuskarsa, sai ya kifa rigar ya duba ciki, inda ake ɓoye ƙulli da ha'inci. Yadda yake duba riga haka yake duba labari. Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, "Wa ya ce?" An ga wata, wa ya ce? Jirgin Ikko ya iso, wa ya ce? Ina yaro na taɓa dawowa daga makaranta na gaya masa duniya a dunƙule take, tana kuma juyawa. Ya ce wa ya ce. Na ce malaminmu. Ya ce malamin naku ya taɓa fita daga cikinta ya leƙo ta? Duk da haka shi ya kai ni elementare da ƙafarsa, a lokacin da maƙwabta ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Ba don ya amince da boko ba. Cewa ya yi mutanen da ke fara rubutu daga hagu, lalle a sami wani a gida da zai riƙa karanta abin da suke ƙullawa. Da na zama malamin makaranta ya raɗa mini Malam Ƙarami, bai kuma sauke mini sunan ba har na tara iyali.

Goro ba ya shiga bakinsa sai ya ɓare shi ya duba a haske. Da aka kafa akwatin rediyo a ƙofar gidan mai unguwa, ya hana mu yin zancen gida kusa da shi. Abin da ya iya magana, in ji shi, ba abin da zai hana shi iya ji.

Kada a ɗauka rashin yardar tasa duk ƙaya ce. A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki, ko yaushe aka tambaye ta sai ta ce alhamdu lillahi, sun ci sun ƙoshi. Kowa ya karɓi wannan amsa, don ita ta fi sauƙin karɓa. Baffa bai karɓa ba. Ya riƙa zama a dakali da yamma yana kallon saman katangarta, ya ga hayaƙi ba ya tashi. Daga ran nan in an auno dawa a gidanmu sai an biya ta ƙofarta. Da ta aiko da godiya tana cewa ai da bai wahalar da kansa ba, suna da abinci, sai ya ce, "Wa ya ce?"

Mutum ɗaya ne a duniya da za a ce Baffa ya kusa yarda da shi, shi ne surukina. Tare suka yi karatun allo, tare suka yi sauka, a rumfarsa Baffa ke sayen zare tun yana koyon riƙe allura, kuma kowace yamma akusansu ake haɗawa a zaurenmu su ci tare. Ba sa kiran juna da suna: wannan Mai Allura, wancan Mai Zare. Amma ban taɓa ganin Baffa ya karɓi alharini daga hannunsa bai tsinki bakin zaren ya kara a wuta ya shinshina ba, don ya tabbatar ba a sirka da auduga ba.

"In ka gama ƙone mini rumfa ka faɗa mini, in rufe in tafi gida," in ji surukina.

"In zaren na kirki ne, me ya dame ka da ashanata?"

Da na ga 'yar Mai Zare na ce ina so, Baffa ya tafi bincike a kan gidan da ya san cikinsa kamar aljihunsa. Ya dawo ya ce bai sami komai ba, amma zai ci gaba da dubawa.

Da takalmi ciwon ya fara. Wata safiya ƙafarsa ta ƙi shiga, ya ce an musanya masa a masallaci. Sai fuska ta riƙa tashi da safe, in ya danna ƙwaurinsa da yatsa gurbin ya tsaya kamar a malmalar tuwo, hawa dakali ya zama aiki. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsa Gwaggo ce ke riƙe masa gida, kuma ta gwada duk abin da ta sani na jiƙo da turare da shafe-shafe. Da numfashi ya fara yi masa wuya in ya kwanta, na roƙi wani mai lori ya kai mu asibitin da ke wajen ganuwa.

Likitan Bature ne, dogo mai jan wuya, ni na yi tafinta. Ya ce ƙodar Baffa ta gaji, ba ta tace jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a jiki, zuciya kuma ta wahala da tura shi. Ba zai iya mayar da ƙoda sabuwa ba, amma zai iya tallafar zuciya. Ya sa aka yi masa allura mai sauke ruwa, ya hana shi gishiri da kanwa, ya ba shi kwalba mai 'yan fararen ƙwayoyi, ƙanana kamar tsabar dawa, ya ce ɗaya kowace safiya. Allurar ta yi aikinta, ta kuma karɓi ladanta: yini guda yana zarya da buta, bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe, sharaɓarsa na murɗewa. Wannan bai dame shi ba, domin likita ya faɗa masa tun kafin a soka, kuma Baffa na girmama duk wanda ya faɗi aibin hajarsa da kansa.

Don in ƙarfafa masa gwiwa na ba shi labarin da na karanta a wata jarida, cewa a ƙasar Turawa an ƙera injin da ke yin aikin ƙoda: a fitar da jinin mutum ta bututu, a wanke, a mayar.

"A fitar da jinina a wanke kamar taguwa?"

"Haka suka rubuta, Baffa."

"In an mayar, wa zai tabbatar mini nawa aka mayar, kuma duka?"

Na ce ko ma dai mene ne, injin bai zo Ikko ba balle Zazzau. Ya ce madalla, abu na farko ke nan mai daɗi da ya ji game da shi.

Ƙwayoyin kuwa bai sha ba. Da zakaran Gwaggo ya fara: ya ɓantari kaɗan ya cusa a tuwo ya jefa masa, ya zauna yana kallo. Zakara ya ci gaba da harkokinsa. Baffa ya ce zakara ba shaida ba ne a kan ɗan Adam, a ƙara jira. Aka yi ta jira har ƙafa ta koma yadda take kafin allura, sannan ya miƙa wuya. Ya sa kwalbar a aljihun 'yar cikinsa, ya ce ba ya buƙatar mai tuna masa, wanda ke riƙe da salla biyar ba zai kasa riƙe ƙwaya ɗaya ba. Da farko abin ya yi kyau. Numfashi ya daidaita, ya koma kan allurarsa.

Ana nan aka kawo masa farar rigar wani ango, ana son farin aiki a kan fari, irin wanda sai an matso ake ganinsa. Ya aika rumfar surukina a kawo farin zare. Da yamma surukina ya shigo zaure, ana biye da shi da akushi, sai Baffa ya jefa masa ƙullin zaren a cinya, a gaban masu koyon ɗinki da wasu maƙwabta.

"Mai Zare, wannan mene ne?"

"Abin da ka aika a kawo."

"Fari na ce."

"To baƙi ne wannan?"

"Ruwan ɗorawa ne! Tsohon kaya da ya sha hayaƙi ka kwaso ka aiko mini, don ka ji an ce ina ciwo."

Surukina ya ɗaga zaren ya nuna wa jama'a. Fari ne sol. Amma ba wanda ya tanka, don a unguwarmu in Baffa ya ce zare ya canja launi, idonka za ka zarga. Ni kaɗai na ce, "Baffa, ni dai fari nake gani."

"Kai ai surukinka ne. Ko kore ya kawo, fari za ka gani."

Surukina ya yi dariya, ya ce a ci tuwo, gobe da haske a sake dubawa. Suka ci. Ba a jima ba Baffa ya zagaya bayan zaure ya amayar da duk abin da ya ci.

Washegari ma haka. Abinci ya fita ransa, jiri na ɗibarsa, in ya kalli fitila sai ya ga wani zobe kewaye da ita. Gwaggo ta yi nata nazarin: tsohon ciwo ya lafa, ga sabo ya ɓullo, ya ɓullo ne ranar da aka yi sa-in-sa, kuma ya biyo bayan miyar da ta fito daga wani gida. Ba ta ce sammu ba. Gwaggo ba ta faɗin kalma da bakinta in za ta iya sa wani ya faɗa mata ita. Ta dai je wani suna a Limancin Kona, ta yi ajiyar zuciya a inda ya dace, ta ce ita ba ta ce komai ba, amma Yaya na da babban gida, ba shi da ɗa namiji, wanda ke zaune a gidan kuwa kowa ya san 'yar wa yake aure. Ba wadda ta tsaya ta tambayi malamin gado ko zancen zai ma yiwu.

Nan da nan aka daina karɓar akushin surukina, daga soro Gwaggo ke mayar da shi a rufe. Maɗinka suka fara wuce rumfarsa suna sayen zare a ta gaba. In ya miƙa wa yaro dabino sai uwar yaron ta ƙwala masa kira. Matata ta daina fitowa tsakar gida in Gwaggo na nan, wata rana kuma ta durƙusa ta ce in ba ta izini ta koma gidan ubanta, don ba za ta iya ci gaba da tuƙa tuwo a gidan da ake leƙa tukunyarta ba. Na roƙe ta ta dakata. Na je wurin Baffa na yi masa bayani irin na aji, da dalili na farko da na biyu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam Ƙarami, ban ce shi ne ba. Ban kuma ce ba shi ne ba." A wurin Baffa wannan adalci ne. A kunnen unguwa kuwa an yanke hukunci.

Abin da ya ceci surukina ba hujjata ba ce, halin Baffa ne. Wanda ke zargin kowa, dole wata rana layi ya iso kan masu zargi. Wata Juma'a ya matsa sai an kai shi masallaci. Muka zauna a waje cikin jama'a, ya ɗaga kai ya dubi sahu-sahun fararen riguna da rawuna, ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo hannun rigata.

"Rawanin wancan malamin wane launi ne?"

"Fari, Baffa."

"Na kusa da shi fa?"

"Fari."

"To, ko dai duk Zazzau a rumfar surukinka take sayayya, ko kuwa idona ne."

Da muka dawo Gwaggo ta ce ai wannan ita ce alamar, abin ya hau ido. Baffa ya yi mata irin kallon da yake yi wa goro.

"Yaushe rabona da miyar gidan Mai Zare?"

"An kwana biyu, Yaya."

"Na sami sauƙi?"

Ta girgiza kai.

Daga nan ya zauna shari'a da cikinsa kamar alƙali. Ya bar goro, bai ga canji ba. Ya bar fura. Ya bar jiƙon Gwaggo, abin da ya sa ta yi fushi ta rage tsawon gaisuwar safe. Ya sa aka canja masa randa. Duk wannan ana yi bugun zuciyarsa na ƙara nawa, yana tsallake kamar doki mai ɗingishi. Da waɗanda ake tuhuma suka ƙare, saura kwalbar aljihunsa, ya ce a mayar da shi wurin Baturen, yana da tambaya.

Likita ya riƙe wuyan hannunsa yana kallon agogo, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce in tambaye shi ko yana ganin abubuwa ruwan ɗorawa. Baffa ya juyo kaina ya ce wa ya gaya masa, na rantse ba ni ba ne. Sai likita ya ce in tambaye shi ko yana shan ƙwayar kullum.

Baffa ya gyara zama. "Gaya masa ba wadda ta wuce ni. Waɗanda na bari da farko ma duk na rama su."

"Ka rama su, Baffa?"

"To da? Abin da aka wajabta maka kullum, in ya kuɓuce ai ramawa ake yi. Ina shan ta ranar, in bi ta da ta ramuwa. In kuma na yi kokwanto ko na sha ko ban sha ba, sai in gina a kan yaƙini, in sake sha."

Wanda ya san Baffa ya san ba safiyar da kokwanto ba ya ziyartarsa.

Na daɗe ina koyar da Turanci, amma ban taɓa shan wuyar fassara irin ta ranar ba. Sai da na bi da Baturen ta babin salla kafin ya gane, da ya gane kuwa ya dafe kai. Ya ce wannan ƙwaya tazarar da ke tsakanin maganinta da dafinta kaɗan ce. Ƙoda ce ke fitar da ragowarta daga jiki, ta Baffa kuwa da ƙyar take fitar da ɗayar da aka ce, balle ƙari. Sai ta riƙa taruwa. Tashin zuciya, amai, jiri, ganin ɗorawa, bugun da ke nawa, duk ita ce, kuma da an ƙara 'yan kwanaki a haka da zuciyar ta tsaya. Ya ce za a dakatar da ita har jiki ya sauke, sannan a koma da rabi. Wadda ta wuce ta wuce, ba a ramawa. In an yi kokwanto, a ɗauka an sha. Kada a haɗa ta da kowane jiƙo. In abinci ya fita rai ko launi ya canja, a tsaya, a kawo shi.

"Wato mazhabarsa daban ce," in ji Baffa.

"Daban ce, Baffa."

Suka riƙe shi a asibiti har farin bango ya koma masa fari. Ranar da na ɗauko shi muka biyo ta ƙofar gari. Nan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe ni ne."

Baffa bai iya ba da haƙuri ba. Ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba, ban kuma ji ta a wannan karon ba. Abin da ya yi shi ne, ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da hanya ta fi cika, ya aika a kira surukina. Ya zo, don shi ba ya iya ƙin kira, amma ya tsaya daga nesa ya yi sallama irin ta baƙo. Baffa ya zaro kwalbar ya ɗaga yadda kowa zai gani, ya faɗi abin da ya yi da ita, bai rage komai ba. Sannan ya miƙa masa.

"Riƙe. Daga yau kai za ka riƙa ba ni. Rabi, kowace safiya. Ko na roƙe ka ƙari kada ka ba ni."

"Ni? Ga ɗanka, ga ƙanwarka."

"Malam Ƙarami da safe yana makaranta. Waccan kuwa," ya nuna cikin gida da haɓa, "jiƙa ta za ta yi da sassaƙe. Ni kuma ka ga abin da na yi. Na duba duk garin, kai ka rage."

Surukina ya daɗe bai karɓa ba. Ya ce, "Mai Allura, ka san abin da kake ɗora mini kuwa? Ciwon nan naka ba mai tashi ba ne. Ran da ta Allah ta kasance, za a ce daga hannuna ne."

"Na sani. Ka bar mini wannan."

"In bar maka? Kana ina a lokacin?"

"Na ce ka bar mini."

Ya karɓa. Matata ta kwance ƙullin kayanta.

Daga nan kowace safiya surukina kan biyo ta gidanmu kafin ya buɗe rumfa. Na nuna masa inda ake jin bugu a wuyan hannu, shi kuma ya ƙago nasa gwajin: ya zaro ƙullin farin zare daga aljihu ya ɗaga.

"Wane launi?"

"Fari. Amma ba mai kyau ba."

"Ka ci tuwon jiya?"

"Na ci abin da ake kira tuwo a gidan da aka hana gishiri."

"Buɗe hannu."

Wata safiya Baffa ya ce yana ganin zaren kamar ya ɗan sirka. Surukina ya mayar da kwalbar aljihu bai ba shi ba, ya bar rumfa a rufe ya kai shi asibiti, likita ya ƙara rage masa. Surukin nawa ne kuma ya zama mai tsaron ƙofa. Kowa ya san al'adarmu: ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kowa da maganin da ya tayar da kakarsa, ƙin karɓa kuma cin fuska ne. Baffa sai ya karɓa ya yi godiya, ya ce a ba Mai Zare ya ajiye. Mai Zare kuwa in ya ajiye, ya ajiye ke nan. Masu kanwa da masu sassaƙe suka riƙa komawa gida da ɓacin rai, kuma ba Baffa suka ƙullata ba.

Haka aka ci damina, aka ci kaka. Ya gama rigar angon, ko da yake a taron sunan ɗan angon aka sa ta. Daga baya ƙodar ta ƙarasa gajiya. Fitsari ya ragu, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, shaƙuwa ta kama shi, barci ya yi yawa. Likita ya ce a tsayar da ƙwayar ma, ba abin da ya rage sai kula, don haka ko zancen cewa an ba shi magani har ranar ƙarshe ba gaskiya ba ne. Surukina ya ci gaba da zuwa ba kwalba, yana sosa masa baya. A hannunsa ya cika, yana laƙana masa kalmar shahada. Ita ce magana ɗaya da na ji Baffa ya karɓa bai nemi shaida ba.

Ranar sadakar uku maƙwabta suka aiko da abinci kamar yadda aka saba, aka jera akusa a ƙofar gida. Na gidan mai unguwa ya ƙare, na gidan liman ya ƙare, har wani ɗan wake da ya kwana ya sami masu rufa masa asiri. Akushin gidan surukina kaɗai ke zaune da faifansa a ka. Mutane na miƙa hannu ta samansa su jawo na bayansa. Na yi niyyar jawo shi, amma na san cina ba zai wanke kowa ba, za a ce ai suruki ne.

Sai ga Gwaggo ta fito daga soro, lulluɓe da zane, da buta a hannu. A iya sanina ko goro ba ta taɓa taunawa a gaban maza ba. Ta ratsa tabarmi, ta durƙusa gaban akushin, ta wanke hannu, ta ɗage faifan. Kowa ya zuba mata ido.

"Baiwar Allah, a kai miki ciki mana," in ji liman.

"A'a, Malam. Nan aka ce in ci."

Ta yanki loma ta kai baki, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, tana bin fuskokinsu da kallo.

"Yaya ne ya sa na yi masa alkawari yana kwance. Ya ce da bakina na ɗauki maganar nan na kai Limancin Kona, da bakina zan haɗiye ta. Ya ce ya san ku sarai, kafin ƙasa ta bushe a kansa za ku koma kanta." Ta lashe yatsa. "To ga shi na ci. Ku zauna ku jira. In na kai la'asar, kowa ya kama bakinsa."

Ta juya wajen surukina, ba ta ɗaga ido ba. "Malam, ka yafe mini. Nawa nake roƙo. Nasa kuwa ku ƙarata ku biyu, ka fi ni sanin halinsa."

Surukina ya jawo bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Tun ranar Talata ban ga hawayensa ba sai a lokacin.

Ba a jira la'asar ba. Liman ya naɗe hannun riga, ya matso, ya ce bismilla, kuma kafin a kira azahar sai da aka aika gidan a ƙaro miya.

Allah Ya yalwata wa Baffa makwanci, Ya ba shi ikon amsa tambayar mala'iku kafin ya fara yi musu tasa.